Stroopwafel a Kicin Ɗin Gida: Wata Biyu Tsakanin Ƙarfe, Wuƙa da Tukunyar Sukari

Yadda abin ya samo asali

Matar da wannan nazari ya shafa Bahaushiya ce mai yara biyu, wadda ta bi mijinta zuwa Delft, a lardin Kudancin Holan, inda yake ƙaro karatu. Ba baƙuwar fulawa ba ce. Cincin, fanke, kek, duk tun kafin aure take yin su. Abin da ya tsaya mata a wuya daga farkon Oktoba har zuwa Disamba shi ne stroopwafel, siririyar wainar nan mai zanen raga wadda 'yan Holan ke tsagawa biyu su shafe cikinta da ruwan sukari mai kauri da ƙamshin kirfa.

Wainar 'yar garin Gouda ce, wanda bai kai tafiyar awa ɗaya daga Delft a jirgin ƙasa ba. Galibi ana danganta ta da wani mai gidan burodi, Gerard Kamphuisen, da ya buɗe shagonsa a 1810. A farkonta abin talakawa ce: ɓurɓushin biskit da ragowar kwaɓi ake tattarawa, a haɗa da ruwan sukari, a sayar da araha. Sai bayan 1870 aka fara yin ta a wajen Gouda, kuma a 1960 garin shi kaɗai yana da masana'antu 17 masu yin ta. Yau iri biyu ake gamuwa da su. Akwai ta kanti, ƙanana a jere cikin leda, a sanyaye, wadda ake ɗorawa a bakin kofin shayi na minti ɗaya ko biyu don tururi ya tausasa cikinta. Akwai kuma ta kasuwa, babba, wadda ake gasawa a gabanka a miƙo maka da zafinta.

Ta kasuwar ce ta jawo maganar. Tun da yaran suka ɗanɗana ta, ta kanti ta daina shiga. Ita kuma uwar ta yi lissafin cewa zaman Holan yana da ranar ƙarewa, gara ta iya abin da hannunta.

Ma'aunin da ta fara da shi irin wanda ake samu ne a littattafan girkin ƙasar: fulawa giram 250, bota giram 125, sukari mai laushi giram 75, busasshen yis ƙunshi ɗaya na giram 7, ƙwai ɗaya, madara cokali biyu, da ɗan gishiri. Sukarin shi ne wanda suke kira basterdsuiker, mai laushi da ɗan damshi, akwai fari akwai mai duhu. Na cikin wainar kuwa, stroop ne giram 200, wato ruwan sukarin nan mai duhu da kauri da suke zubawa a kan fankensu, sai sukari mai duhu giram 125, bota giram 100, da kirfa ƙaramin cokali ɗaya.

Farkon Oktoba: ƙarfen da ta tarar a gidan

A gidan da suka kama haya akwai ƙarfen gasa waina na lantarki, irin na Beljiyam, mai ramuka masu zurfi. Ta ga zanen raga, ta ɗauka duk abu ɗaya ne.

Ta narkar da bota a wuta, ta juye shi da zafinsa a kan fulawa da yis, ta kwaɓa, ta rufe awa ɗaya. Da ta buɗe, kwaɓin yana nan yadda ta bar shi. Ta raba shi gida 12, ta fara gashi. A minti 3 bayan wainar ya yi ja amma tsakiyar tudun ɗanye ne. A minti 5 ta gasu har ciki, sai dai ta bushe, gindin ramukan kuma ya fara ƙonewa. Kaurinta ya kusa santimita 2, alhali stroopwafel da aka gama haɗawa ba ta cika wuce rabin santimita ba.

Wajen tsagawa abin ya ƙarasa lalacewa. Wuƙa ta ratsa tudu, ta faɗa rami, ta fito ta wani gefen, wainar ta rabu gutsi-gutsi. Ko ɗaya ba ta tsagu ba. Ta tara gutsattsarin a faranti, ta kwarara stroop a kai, aka ci da cokali.

"Ai ya yi daɗi, Maman yara," in ji maigidan.

"Daɗi daban, abin da nake nema daban," ta ce masa.

Tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshensa: an taɓa kwaɓi

Abin da ta fara zargi shi ne ma'aunin. A ganinta kwaɓin ya yi tauri da yawa, kuma tunda bai tashi ba, yis ɗin ne ya yi kaɗan. A gwaji na gaba ta ninka yis, ta kai madara kusan rabin kofi, ta murza kwaɓin minti 15 irin murzar burodi. Wannan karon ya tashi, amma ya koma mai danƙo, yana manne wa hannu da ƙarfe. Wainar ta fito da warin yis, tana jan haƙori, kuma matsalar ramukan tana nan daram.

Daga nan ta ajiye ƙarfen ta koma kasko. Ta sa dunƙulen a kasko mai zafi, ta danne shi da gindin ƙaramar tukunya. Ƙasa ya gasu, sama bai gasu ba, kafin ta juya kuma botan ya tsattsafo ya kewaye wainar tana soyuwa a cikinsa.

Gwaji na ƙarshe a watan ya taso ne daga wani tunani: wataƙila ma ba tsagawa ake yi ba, guda biyu ake gasawa a manna. Tunanin ba na banza ba ne, domin a Gouda akwai masu yin hakan, suna gasa sirara guda biyu daban su haɗa, tasu ta fi garas-garas. Ta murza kwaɓin da muciyar fulawa, ta yanka da bakin kofi, ta gasa a tanda. Abin da ya fito biskit ne guda biyu masu tauri da zaƙi a tsakani. Yaran sun ci, ba su nemi ƙari ba.

A wannan lokacin ta kashe fulawa kusan kilo ɗaya da bota rabin kilo, gwiwarta kuma ta fara sanyi.

Alhamis ta farko a Nuwamba: abin da ta gani a kasuwa

Ranar Alhamis kasuwa ke ci a babban dandalin tsakiyar Delft. Ta sayi waina ɗaya a rumfar masu gashi, ta koma gefe inda za ta riƙa ganin hannun mutumin, ta tsaya har aka sallami mutanen da ke layi.

Abu na farko da ta lura da shi, kwaɓinsa dunƙule ne mai tauri, ba ya manne wa yatsa, ya fi kama da nata na ranar farko. Ƙarfensa kuwa shimfiɗaɗɗe ne, zanen ragar ɗan tsagi ne kawai a fuskarsa, in ya rufe kusan baki da baki suke haɗuwa. Yana sa dunƙule, ya danna, bai cika minti ɗaya ba ya buɗe. Ya ɗauko wainar tana lanƙwasa don laushi, ya kifa mata zoben ƙarfe ya datse gefen, ya ture rarar gefe guda. Ita ma rarar ba a zubarwa, a leda ake ƙullawa a sayar. Sai ya ɗora tafin hannu a kan wainar, ya kwantar da doguwar wuƙa siririya a gefenta, ya zagaya da ita sau ɗaya. Wainar ta buɗe, tururi ya fito, cikin fari ne mai laushi. Tukunyar stroop tana gefensa a kan ɗumi. Ya ɗebo, ya shafa a ɓari ɗaya, ya mayar da ɗayan, ya ɗan danna. Daga buɗe ƙarfe zuwa miƙa wa mai saye bai kai rabin minti ba.

Da layi ya ragu ta gaya masa cewa tata karyewa take yi. Bai tambaye ta abin da ta zuba a kwaɓi ba. Ya tambayi wane irin ƙarfe take amfani da shi, da kuma tsawon lokacin da wainar ke yi a waje kafin wuƙa ta shige ta.

A satin ta sayi ƙaramin ƙarfen lantarki irin wanda ake gasa mazubin askirim da shi, mai fuska shimfiɗaɗɗiya da zane marar zurfi. Na 'yan Italiya da suke gasa siririyar wainarsu mai suna pizzelle ma yana yi, sai dai zanensa fure ne ba raga ba.

Tsakiyar Nuwamba: wuƙa

Ta koma kan ma'aunin farko, ba ƙari ba ragi. Abu biyu kawai ta sauya a kwaɓin. Ta bar botan ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi kafin ta zuba, tunda yis yana mutuwa idan zafi ya kai wajen digiri 55 zuwa 60, narkakken bota daga wuta kuwa yana iya wuce haka. Yis ɗin kuma ta fara jiƙa shi a madara mai ɗumi, wajen digiri 35, har ya yi kumfa. Murza minti 2 zuwa 3 ta yi, iyakar abin da zai haɗe kan kwaɓin. Bayan minti 45 ya ɗan kumbura, bai ninka ba. Kwaɓin da rabin nauyin fulawarsa bota ne, ga sukari, ba ya tashi irin na burodi, kuma ba a buƙatar ya yi.

Sai dai a ranar farko da sabon ƙarfen ta bi tsarin da hannunta ya saba da shi: a gama gashi tukuna, sannan a shiga aiki na gaba. Ta gasa 15, ta jera su a tire, ta ɗauko wuƙa. Uku ne suka tsagu, sauran suka farfashe. Da ta duba, ukun nan su ne na ƙarshen fitowa daga ƙarfe.

Dalilin a jikin wainar yake. Lokacin da ta fito, fuskokinta biyu sun gasu, amma tsakaninsu akwai siririn sashe mai laushi cike da tururi, wanda iskar yis ta ɗan buɗa. Nan ne hanyar wuƙa. Da zarar ta fara hucewa, tururin ya fice, sukari da bota su daskare, hanyar ta rufe. Cikin minti ɗaya wainar ta zama biskit, biskit kuwa ba ya tsaguwa.

Washegari ta sake tsarin teburin: ƙarfe a dama, katakon yanka a tsakiya, zobe da wuƙa a kansa, tukunyar stroop a hagu. Ɗaya bayan ɗaya, ba ta sa sabon dunƙule sai ta rufe wadda ke hannunta. Tunda wainar tana ƙona tafi, ta riƙa dafa ta da tsumman kicin mai tsabta da ta ninke biyu.

Nauyin dunƙulen ma sai da ta gwada a sikeli. Giram 50 ya malalo ta gefen ƙarfe. Giram 25 ya fito siriri ƙwarai, ya gasu har tsakiya, wuƙa ba ta sami wurin shiga ba. A giram 35 ta tsaya, wanda ke ba da waina mai faɗin santimita 10 da ɗan ɗoriya, ta datse da zobe. Gashin daƙiƙa 70 zuwa 80 ne a ƙarfenta, bayan ta bar shi ya yi zafi na aƙalla minti 5. Dunƙulen da ke jiran layi tana rufe su da tsumma mai damshi don kada bayansu ya bushe ya tsattsage. A ƙarshen satin, cikin 15 guda 13 ke tsaguwa lafiya.

Ƙarshen Nuwamba: tukunyar sukari

Sai da waina ta fara tsaguwa sannan matsalar cikin ta bayyana, domin a baya a kai ake kwarara stroop ɗin, kowane irin kauri ya yi daidai ne.

Karo na farko ɗumamawa kawai ta yi har bota ya narke. Sukarin bai gama narkewa ba, ana jin tsakuwarsa a haƙori, ruwan kuma yana tsiyayowa ta gefe. Zuwa safiya wainar ta jiƙe ta yi lugub.

Karo na biyu ta bar shi yana tafasa minti 10 a wuta mai ƙarfi. Kafin ta kai waina ta biyar ya fara daskarewa a tukunya, cokali na tsayawa a ciki. Waɗanda ta riga ta cika, da suka huce, sai da ƙaramin yaron ya kawo ƙara: "Umma, haƙorina." A ranar ce kuma ɗigo ɗaya ya faɗo mata a yatsa ya tashi bororo. Sukari mai tafasa ya fi tafasasshen ruwa zafi, kuma manne wa fata yake yi. Tun daga ranar ba yaron da ke shiga kicin in tukunyar tana kan wuta.

Karo na uku stroop ɗin ya ƙare, ta ce bari ta gwada farin sukari da ruwa da bota. Da zafinsa ya yi kyau. Washegari cikin ya koma gari-gari. Farin sukari zalla yana son komawa ƙwayarsa in ya huce. Shi kuwa stroop, haka ma basterdsuiker, suna ɗauke da wani kaso na gulukos da furuktos, waɗanda ke hana ƙwayoyin haɗuwa, shi ya sa cikin stroopwafel ke zama mai danƙo kwana da kwanaki. Matsa ɗan lemon tsami a farin sukari yayin dahuwa yana rage matsalar, amma ɗanɗanon ba ya zama ɗaya. A nan akwai wani tarko ga baƙo a kantin Holan: appelstroop, wanda ake yi da tuffa ana shafawa a burodi, shi ma baƙi ne mai kauri, amma da tsaminsa, ba shi ake nufi ba.

Ta kira yayarta a Zariya, wadda ke yin alewar madara in ana biki.

"Yaya, sukarin nan ya ƙi ni. In bai yi ruwa ba, ya yi dutse."

"Ke da agogo kike dafa shi? Ɗebo ruwan sanyi a kofi ki ɗiga kaɗan. In ya baje, da saura. In ya dunƙule, kin murza da yatsa ya lotsa, sauke maza. In kika ji ya yi ƙara a gindin kofin, kin wuce, sai ki yi wa yara alewa."

Ta haɗa wannan da ma'aunin zafi na girki. Matakin da yayar ta kwatanta, inda ɗigon ke dunƙulewa da laushi, yana tsakanin digiri 112 da 116. Sama da 120 ya fara tauri, wajen 150 kuwa karyewa yake yi. Ta zuba stroop da sukari da bota a wuta kaɗan tana juyawa har ta daina jin tsakuwa a gindin tukunya, sannan ta bar shi ya yi ƙananan tafasa na minti 3 zuwa 4. A 114 ta sauke, ta zuba kirfa. Sai ta zaunar da tukunyar a cikin wata babba mai ruwan zafi, yadda zai ci gaba da shafuwa ba tare da ya ƙara dahuwa ba. Babban cokali ɗaya ba a cika ba ya ishi waina ɗaya, a bar ɗan fili a gefe saboda dannawa.

Disamba: sakamako

A tsakiyar watan suka yi baƙi, ta ninka ma'aunin zuwa fulawa giram 500. Ya ba ta dunƙule 30. Gashi da tsagawa da cikawa sun ɗauki kusan awa ɗaya da rabi tana tsaye, ban da kwaɓi da jiran tashi. Biyu sun karye, ta farko kuma ta fito fari-fari kamar kullum. Saura 27 sun fito da kauri ƙasa da rabin santimita, bayansu ja, in an karya ɗaya cikin yana ja ya yi zare kafin ya tsinke. Rarar gefen yaran ne suka cinye ta.

Waɗanda suka rage ta sa a gwangwani mai murfi bayan sun huce sarai. Sun yi kusan mako ɗaya ba su sauya ba, sai ɗan laushi da bayansu ya ƙara. Ta kuma gwada fulawar lardin Zeeland na Holan, wadda danƙonta bai kai na fulawar burodi ba. Wainar ta ɗan fi taushi, amma bambancin ba mai yawa ba ne.

Abin da lamarin ya nuna

Ma'aunin da ta yi nasara da shi a Disamba shi ne dai wanda ta fara da shi a Oktoba. A ganina satuttukan da ta yi tana ƙara yis da madara su ne asarar da ta fi girma, kuma abin da ya jawo ta shi ne matsaloli uku sun hau kan juna, ta gaba ba ta bayyana sai an kawar da ta baya. Muddin ƙarfen mai rami ne, ba yadda za a gane cewa jinkirin wuƙa matsala ce, tunda ko an yi sauri ba za ta tsagu ba. Muddin kuma ba ta tsaguwa, ba a san ko stroop ya yi ruwa ko ya yi tauri ba. Ga shi kuma tana sauya abu biyu ko uku a gwaji ɗaya, don haka ko an sami ci gaba ba za ta san daga ina ya zo ba. Daga tsakiyar Nuwamba, da ta koma taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya tana aunawa, kowace matsala kwanaki kaɗan ta ɗauka.

Ƙwarewarta ta baya ta taimaka a wani wuri, ta kuma yi mata tarnaƙi a wani. Hannun da ya saba da burodi yana son ya ga kwaɓi ya ninka, wanda ya saba da cincin yana son ya gama suya kafin ya juya ga wani aiki. Duka biyun ba sa tafiya da wannan waina. Shawarar yayar kuwa ta zauna daidai, saboda sukari a wuta halinsa ɗaya ne a ko'ina.

Ta fuskar kuɗi ban ga riba ba. Bota giram 450 ke shiga waina 30 idan aka haɗa na kwaɓi da na ciki, ga ƙarfe da aka saya, ga tsayuwa, ta kanti kuma ba tsada gare ta ba. Wanda ta kanti ta ishe shi ba shi da dalilin shiga wannan aiki. Abin da ake samu shi ne waina mai zafi wadda ba ta wuce minti biyu da fitowa daga ƙarfe ba.

Akwai abin da har yanzu bai warware ba. Ƙaramin ƙarfen nata ba shi da wurin saita zafi, kuma bai da nauyin na kasuwa, don haka kowane dunƙule mai sanyi yana sauke zafinsa, gefen da ke kusa da maɗaurin murfin kuma ya fi yin ja. Dabarar da take yi ita ce ta bar shi a rufe ba komai na kusan rabin minti tsakanin waina da waina, ta kuma sa dunƙulen ɗan gaba da tsakiya, wajen bakin ƙarfen. Hakan ya rage bambancin launin, bai kawar da shi ba.